Majalisar ACOSS, uwar ƙungiyoyin jin ƙai a Ostiraliya

A ƙasar Ostiraliya, yawancin ayyukan taimaka wa marasa galihu ba ma'aikatun gwamnati ne ke yin su kai tsaye ba. Ƙungiyoyi masu zaman kansu ne ke samar da makwanci ga marasa muhalli, da kula da tsofaffi da naƙasassu, da ba da mafaka ga matan da suka guje wa cin zarafi a gidajensu.

Sai dai akasarin kuɗin da suke aiki da shi daga baitulmalin gwamnati yake fitowa, abin da ke sa da yawa daga cikinsu yin taka-tsantsan wajen sukar manufofinta.

Wannan giɓi ne Majalisar Ayyukan Jin Daɗin Jama'a ta Ostiraliya, wadda aka fi sani da ACOSS, take cikewa. An kafa ta a shekarar 1956, kuma tana aiki tare da takwarorinta takwas na jihohi shida da yankuna biyu na ƙasar. Wasu daga cikinsu ma sun girme ta, kamar ta jihar New South Wales da aka kafa a 1935. Dokta Cassandra Goldie ce ta karɓi ragamar shugabancinta a 2010.

Majalisar ba ta raba abinci ko kuɗi. Aikinta shi ne tattara koke-koken mambobinta, da gudanar da bincike, da miƙa wa gwamnatin tarayya shawarwari kafin a gabatar da kasafin kuɗi. Wani rahoto da ta fitar a 2022 tare da Jami'ar New South Wales ya nuna cewa mutane miliyan 3.3, wato kusan mutum ɗaya cikin takwas, na rayuwa cikin talauci a ƙasar.

Fafutukar da ta fi fito da sunanta ita ce ta neman ƙarin alawus ɗin marasa aikin yi, wanda a da ake kira Newstart. Tun daga 1994 ba a yi masa wani ƙari ba, ban da ɗan gyaran da ake yi saboda hauhawar farashi, har ta kai mai karɓarsa na rayuwa a kan kimanin dalar Ostiraliya 40 a rana. ACOSS ta nemi a ƙara dala 75 a mako, ta kuma samu goyon bayan wasu manyan ƙungiyoyin 'yan kasuwa, waɗanda ba kasafai ra'ayinsu ke zuwa ɗaya da nata ba.

Gwamnatoci sun yi ta yin kunnen uwar shegu da buƙatar, har sai da annobar korona ta ɓarke a 2020. A lokacin ne aka ƙara dala 550 duk mako biyu a kan alawus ɗin, wanda aka sauya wa suna zuwa JobSeeker. An yi ta zaftare ƙarin har aka janye shi a watan Maris na 2021, aka maye gurbinsa da ƙarin dindindin na dala 50 kacal duk mako biyu. A 2023 gwamnatin jam'iyyar Leba ta ƙara wasu dala 40. Majalisar ta ce hakan bai isa ya fitar da mutane daga talauci ba.

Ta kuma mara baya ga ƙarar da ƙungiyar ƙwadago ta ma'aikatan wannan fanni ta shigar, inda a 2012 hukumar sasanta rikicin ƙwadago ta ba da umarnin ƙara musu albashi da kashi 19 zuwa 41 cikin ɗari a tsawon shekara takwas. Mafi yawan ma'aikatan mata ne, kuma hukumar ta amince cewa hakan na daga cikin dalilan da suka sa aka daɗe ana biyansu ƙasa da ƙima.

Batun 'yancin faɗin albarkacin baki kuwa ya daɗe yana jawo taƙaddama. A zamanin Firayim Minista John Howard an riƙa sanya sharuɗɗa a wasu kwangilolin gwamnati da ke taƙaita wa ƙungiyoyi yin magana a bainar jama'a, kafin a kafa dokar da ta haramta hakan a matakin tarayya a 2013.

Ita kanta ACOSS tana samun wani ɓangare na kuɗin gudanarwarta ne daga gwamnatin tarayyar da take suka, yayin da sauran ke fitowa daga kuɗin mambobi da gudummawar masu hannu da shuni da gidauniyoyi.