Harawa A Kan Bishiya: Yadda Kakanninmu Suka Tsallakar Da Dabbobin Gida A Shekarun Fari

Yau za mu leƙa ƙauyukan arewacin Kano, wajen Dambatta, Makoɗa, Ƙunci da Bichi, inda gona ke manne da gona, babu wani dajin kiwo na a zo a gani. Tambayar ita ce, a irin wannan wuri, idan fari ya zo, me akuya da tunkiya da jaki za su ci?

Dattawa suna da sunayen yunwa kamar yadda muke da sunayen unguwanni. Akwai Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, shekaru kaɗan bayan jirgin ƙasa ya iso Kano. Akwai 'Yar Buhu ta 1927, da 'Yar Gusau ta 1942. Sai kuma wadda iyayenmu suka gani da idonsu, farin 1972 zuwa 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. A 1973 ruwan da ya sauka a Kano kusan rabin abin da aka saba ne kawai. Gero ya bushe a tsaye.

To, ga abin da fari yake yi wa kasuwa. Hatsi ya yi tsada, kowa ya ja dabbarsa zuwa kasuwa a lokaci guda, ga ta a rame, sai farashinta ya faɗi warwas. Akuyar da za ta sayi hatsi mai yawa da kaka, sai ta koma kuɗin 'yan tiyoyi. Galibin awakin nan kuwa na mata ne, su ne asusunsu na biki da na rashin lafiya. Michael Mortimore, Baturen da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya bi ƙauyukan Kano a wannan lokaci, ya kuma fitar da littafi a 1989 kan dabarun da manoma suka bi suka tsira.

Dabarun nan ba a ranar masifa ake ƙirƙiro su ba. Tun da kaka ake farawa. Manomi zai nannaɗe harawar wake da ta gyaɗa, ya ɗora a kan soro ko a rassan bishiya, inda gara da bakin dabba ba sa kaiwa. Zai tara kara. Uwargida za ta riƙa ajiye dusa. A gona kuma ba a sare gawo, domin shi bishiya ce mai juya wa damina baya: yana zubar da ganye lokacin ruwa, ya fito da shi da rani, 'ya'yansa su zubo daidai lokacin da ciyawa ta ƙare. Wasu kuma su ba da kiwo a wani gari, don kada duka dukiyar ta tsaya a wuri ɗaya. Mai hangen nesa yakan sayar da bunsuru tun yana da ƙiba, ya bar uwar garke.

Me ya sa ake wannan wahala? Saboda takin da ake kwasowa daga turke, jaki ya kai gona a mangala, shi ne yake riƙe da ƙasar da ake nomawa kowace shekara babu hutu. Idan dabba ta tafi, gonar ma ta bi ta.

Ba fari kaɗai ba ne. Wajen 1890 ciwon bushiya ya share shanun ƙasar nan, ya sake dawowa a 1983. Rigakafi ne ya ci ƙarfinsa, har aka sanar da kawar da shi daga duniya a 2011. A 1975 kuma wata cuta ta faɗa wa gyaɗa, aka yi asarar ƙwaya da harawa a lokaci guda.

Yanzu ga ambaliya ta ƙaru, kowa ya ga abin da ya faru a Jigawa a 2022. A nan akwai abin lura. Da damina dabbobinmu a ɗaure suke saboda shuka, sau da yawa a gindin katangar ƙasa. Idan ruwa ya shigo da dare, igiyar da take kare gona ita ce take hana akuya gudu. Don haka a kafa turke a kan tudu, nesa da katanga, da ƙullin da ko yaro zai iya kwancewa. Akurkin kaji ma a ɗaga shi sama.

Matasa, ko tunkiya ɗaya kake kiwo don Sallah, ko 'yar akuya ce Inna ta ba ki, ku lissafa: harawar da ke gida za ta kai watan Yuni? An yi rigakafi? Ku tambayi Kaka yadda suka yi a 1973 tun tana raye, ku rubuto mana a ƙasa. Allah Ya kiyaye mu da dabbobinmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.