Tarihin Karin Kumallo a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Bahaushe na cewa, "Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya." Wannan karin magana ya nuna matsayin abincin safe a rayuwar manomi da maƙeri da bafatake, domin kuwa ba a fita aiki da ciki wayam. Ana kiran abincin da suna biyu, watau kalaci da karin kumallo. Kumallo shi ne ɗacin nan da tashin zuciya da ke taso wa mutum idan ya wayi gari bai sa komai a baki ba, abin da ya fara ci kuwa shi ke karya shi. A yau gidaje da dama a birane sun taƙaita ga shayi da burodi, har ana kukan rashin abin da za a sauya da shi. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bi diddigin abincin safe mai gishiri da yaji, a ga inda kowane iri ya samo asali, da dalilin da ya sa wasu ke ja da baya.

Tushe: Hatsi, Wake da Gishiri

Ginshiƙin abincin Bahaushe gero ne da dawa da wake, kuma duka ukun 'yan asalin Afirka ne. Masu binciken kufai sun gano burbushin gero da aka noma a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali fiye da shekara 4,000 da suka shige, sun kuma gano na wake a Kintampo ta ƙasar Gana, wanda ya haura shekara 3,000. Har yau Nijeriya da Nijar su ne kan gaba a duniya wajen noman wake.

Mafi daɗewa cikin abincin safe shi ne ɗumame. Uwargida takan tuƙa tuwon dare da yawa da gangan, a ci a rage, da asuba a ɗumama shi da sauran miyar kuka ko ta kuɓewa. Hikimar da ke ciki a fili take: itacen da aka ƙona sau ɗaya da daka da niƙan da aka yi sau ɗaya sun ciyar da gida sau biyu. Da damina kuwa, maza kan sammako gona, sai da hantsi yara su kai musu kunu ko fura. Kunun ma ba lalle ne ya zama mai zaƙi ba. Akwai na tsamiya, akwai na kanwa, akwai koko da ake damawa da gasara da citta da kanumfari da barkono.

Abin da ya ba waɗannan abinci ɗanɗano fatauci ne ya kawo shi. Ayarin Azbinawa kan sauko da gishirin Bilma a kan raƙuma, kanwa kuwa daga Manga da gaɓar tafkin Cadi take fitowa. Kanwar nan ita ke sa wake ya yi saurin nuna, ita ce kuma, tare da garin kuka, ke ba ɗanwake danƙonsa. Daddawa ta gida ce, daga kalwar ɗorawa ake yin ta, amma ta daɗe da zama hajar kasuwa. Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya ambace ta cikin kayan da ya ga ana ciniki a ƙasar Hausa.

Zuwan Baƙin Tsirrai da Zamanin Gyaɗa

Wasu abubuwan da ake ɗauka na gado ne tun fil azal, a gaskiya baƙi ne. Gyaɗa da masara da rogo da barkono da tumatir duk daga nahiyar Amurka suka fito, sun ƙetaro teku bayan 1492, akasari ta hannun Turawan Fotugal, sa'an nan suka yi ta shigowa tudu sannu a hankali. Kafin zuwan jan barkono, masoro da kimba da citta ne ke ba yaji zafinsa. Kafin man gyaɗa ya wadata, da man kaɗe da man shanu da man ja ake suya da shafe tanda.

Layin dogo ya iso Kano a 1911, daga 1912 kuwa cinikin gyaɗa ya bunƙasa, har aka kai ga dalar gyaɗa da ta yi suna a duniya. Wannan bunƙasa ta shiga har cikin madafa. Mata suka duƙufa ga matsar mai, tunkuzar da ta rage suka mai da ita ƙuli-ƙuli, ƙulin kuma ya zama garin da ake barbaɗawa a gurasa da kwaɗon zogale da na rama. Da mai ya yi araha, suya ta zama abin kullum. Ƙosai shi ne babban misali: a jiƙa wake, a surfe shi, a niƙa da albasa da attaruhu, a buga ƙullun har ya tashi, sa'an nan a riƙa jefawa cikin tafasasshen mai. Bugun nan shi ne sirrinsa, domin iskar da ta shiga ƙullun ita ke sa shi ya kumbura ba tare da yisti ba. Waina kuwa kwana take buƙata. Ana ajiye ƙullun gero ko shinkafa ko masara ya yi tsami cikin dare, da safe a toya shi a tanda, a ci da miyar taushe ko da ƙuli.

Alkama tana da nata tarihin dabam. An daɗe ana noma ta da rani a fadamu ta hanyar ban ruwa, amma ba ta da yawa, don haka funkaso da taliya da alkaki suka zama abincin sarakuna da attajirai da ranakun buki. Kalmar gurasa daga Larabci take, kuma ba abin mamaki ba ne da ta fi kafuwa a Kano, inda Larabawan Gadamas da Tarabulus suka zauna shekara da shekaru suna kasuwanci.

Sana'ar Mata da Talla

Yawan ire-iren abincin safe bai samu daga tukunya ɗaya ba. Babu matar da za ta iya yin ƙosai da waina da alala da ɗanwake duk a safiya guda. Abin da ya faru shi ne rabon aiki tsakanin gidajen unguwa: wannan gida an san shi da koko, wancan da waina, na gaba da ɗanwake. Matan aure da ke cikin kulle su ke yi, yara su ɗauka su zaga lungu-lungu suna talla. Da kuɗi kaɗan maigida zai sauya wa iyalinsa kalaci kowace rana ta mako. Baturiyar Ingila mai nazarin tattalin arziki, Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina a ƙarshen shekarun 1960, ta nuna cewa wannan ciniki na cikin gida, da ido ba ya gani, yana da girman da za a kwatanta shi da na kasuwa.

Ribar da mace ta samu tata ce, ba ta miji ba. Da ita take zubin adashi, take buki, take tara wa 'yarta kayan ɗaki. Saboda haka lokacin da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, an sami ja-in-ja a gidaje da yawa, domin sa'ar da yarinya ke fita talla ita ce sa'ar shiga aji.

Yaɗuwa Zuwa Wasu Ƙasashe

Fataken goro da suka riƙa zuwa Gwanja sun tafi da abincinsu. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, 'yan kasuwar garin suka watsu zuwa zangunan Kumasi da Ankara da sauran garuruwa. A yau mutanen Gana na kowace ƙabila suna karyawa da kokon da suke kira na Hausa, tare da ƙosai, kuma sunan shahararriyar shinkafa da wakensu, watau waakye, daga kalmar wake ya fito. Ƙosai kansa ba na Bahaushe kaɗai ba ne. Yarabawa na kiransa akara, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma kuma sun kai shi har jihar Bahiya ta ƙasar Birazil, inda ake soya shi da man ja har gobe.

Shayi, Burodi da Abincin Kamfani

Kalmar shayi daga Larabci ta shigo, burodi kuwa daga Ingilishi, sai zamanin mulkin mallaka ya haɗa su a kan tebur ɗaya. Ma'aikacin ofis da ɗan makarantar kwana da soja da leburan jirgin ƙasa duk agogo ke tafiyar da su, ba su da lokacin jiran waina ta nuna. An kafa babban kamfanin niƙa fulawa na Nijeriya a 1960, da alkamar da ake shigowa da ita daga waje. Arzikin man fetur na shekarun 1970 ya sa fulawa da sukari da madarar gwangwani suka yi araha, teburin mai shayi ya cika kowace tasha. A daidai wannan lokaci ne farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka karya nomanta, dunƙulen Maggi kuma ya fara ture daddawa daga tukunya.

Gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama a 1987 don a noma ta gida, amma ba a iya cike giɓin ba, aka janye hanin a 1992. Taliyar Indomie, wadda asalinta daga Indunusiya ne, ta fara shigowa a ƙarshen shekarun 1980, aka kafa masana'antarta a Ota a shekarun 1990, mai shayi ya haɗa ta da ƙwai. Amma ba duk sabon abu ne ya fito daga kamfani ba. Awara, wadda ake yi da waken suya, a wajen waɗannan shekaru ta yaɗu, mata suka karɓe ta hannu bibbiyu, suka soya ta da mai da yaji har ta zauna kusa da ƙosai kamar da ma can tare aka san su.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa kalacin Bahaushe bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Ya karɓi gishirin Bilma, da gurasar Larabawa, da gyaɗar Amurka, da waken suya, ya mai da su nasa. Bambancin da ke akwai shi ne, waɗancan sun shiga gonar manomi da hannun mata, alkamar da ake yin fulawa da ita kuwa galibinta har yanzu a jirgin ruwa take zuwa. An ga illar haka lokacin da yaƙin Rasha da Yukren ya tayar da farashin alkama a 2022, da kuma tsakiyar 2024 da hauhawar farashin abinci a Nijeriya ta haura kashi 40 cikin 100, burodi ya gagari talaka. Gidan da aka manta yadda ake buga ƙullun ƙosai ko kwaɓa ɗanwake ba shi da mafaka a irin wannan rana. Sana'o'in nan ba a littafi aka koye su ba, a gindin murhu 'ya ta gani wurin uwa, kuma idan tsara ɗaya ta tsallake su, da wuya su komo. Mai neman sauyin kalaci a yau, yana da ɗumame da ɗanwake da alala da waina da dambu da gurasa da awara, kwana bakwai ke nan ba a maimaita ba. Da tsohuwar zuma ake magani.