Ƙidayar Masu Shiga Birnin Kano

Masu shafukan intanet a yau suna dogara da manhajoji irin su Google Analytics, wadda ta fito a 2005, don sanin baƙi nawa suka leƙo da inda suka fito. A ganina Kano ta daɗe da wannan aiki, kuma ta fi kula da abin da baƙo ya saya fiye da yawan ƙafafun da suka ratso ganuwa. A da, kowace ƙofa tana da sarkin ƙofa mai rufe ta da dare, yana ganin ayarin da ya shigo, amma ainihin lissafin yana hannun fatoma, wato mai masaukin fatake, da dillalan Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Muhammadu Rumfa, domin su ne suka san fatake nawa suka sauka, me suka kawo, me suka ɗaura wa raƙuma. Da Bature matafiyi Heinrich Barth ya zo a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin sun kai 30,000, suna ninkuwa zuwa 60,000 a lokacin fatauci, sannan ya ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai wuri miliyan 300. Wannan adadi na ƙarshe shi ne ya nuna ƙarfin garin.

Wani zai ce kintace ne kawai, ba a rubuta komai a bakin ƙofa ba. Gaskiya ne, alƙaluman Barth ƙiyasi ne. Amma manhajar zamani ma takan ƙirga mutum ɗaya sau biyu in ya sauya waya, alhali fatoma ya san baƙonsa da suna, ya san bashin da ke kansa, kuma ya san ko ya dawo bana.