Protamine: Maganin da ke Kashe Ƙarfin Heparin Bayan Sauya Bawul ɗin Zuciya

Aikin TAVI hanya ce ta sauya bawul ɗin zuciya da ya tsuke ba tare da an tsaga ƙirji ba. Likitoci kan zura siririn bututu ta jijiyar jini da ke gindin cinya, su kai sabon bawul har mashigar babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya. Farfesa Alain Cribier ne ya fara yi wa ɗan Adam wannan aiki a birnin Rouen na ƙasar Faransa a shekarar 2002.

A lokacin aikin ana ba majiyyaci heparin, maganin tsinka jini, domin kada jini ya daskare a jikin bututun ya haddasa shanyewar ɓarin jiki. Sai dai da zarar an zare bututun, jinin da aka tsinka na iya ci gaba da zuba daga hudar da aka yi a jijiya, musamman ga tsofaffi, waɗanda su ne mafi yawan masu yin aikin.

A nan ne ake amfani da protamine. Sinadari ne da aka samo asali daga maniyyin kifin salmon, wanda ke manne wa heparin ya kashe ƙarfinsa cikin mintuna kaɗan. Miligiram 1 na warware kimanin yunit 100 na heparin, kuma a hankali ake ɗura shi ta jijiya, domin gaggawa na faɗar da bugun jini.

An daɗe ana saɓani a kan ko a riƙa ba kowa, saboda tsoron kada jinin ya koma daskarewa a kan sabon bawul. Binciken ACE-PROTAVI da aka gudanar a Ostireliya kan majiyyata 410, aka wallafa a 2024, ya nuna cewa waɗanda aka ba protamine jininsu ya fi saurin tsayawa, kuma ƙananan matsalolin jijiya sun ragu a cikinsu.

Maganin na da nasa haɗarin. Jikin wasu kan ƙi shi ƙwarai, har numfashi ya sarƙe. An fi fargabar hakan ga masu ciwon suga da ke allurar insulin nau'in NPH, da waɗanda kifi ba ya karɓarsu, da mazan da aka yi wa aikin tsayar da haihuwa, don haka wajibi ne su sanar da likita tun kafin ranar aiki.