Active Resource: yadda manhaja ke ɗauko bayanai daga wata kwamfuta ta intanet

Active Resource wani tarin umarnin kwamfuta ne da aka riga aka rubuta, irin wanda masu sana'ar ke kira laburare, wanda ke bai wa manhaja damar ɗauko bayanan da ke ajiye a wata kwamfuta mai nisa, ta yi aiki da su tamkar a cikinta suke.

An rubuta shi ne da harshen Ruby, wanda wani ɗan ƙasar Japan, Yukihiro Matsumoto, ya fitar a shekara ta 1995. Shi kuwa laburaren ya shiga tsarin Ruby on Rails ne a watan Disamba na 2007, shekaru uku bayan da ɗan ƙasar Denmark, David Heinemeier Hansson, ya fito da tsarin.

Tushensa

Shafuka da dama na intanet suna da wata ƙofa ta musamman da ake kira API, wadda manhajoji ke bi su nemi bayanai ba tare da mutum ya latsa komai ba.

A shekara ta 2000, Roy Fielding ya bayyana wani salon gina irin wannan hulɗa a kundin digirinsa na uku a Jami'ar California da ke Irvine, ya kuma sa masa suna REST. A wannan salo, kowane abu, ko littafi ne ko mai ciniki, yana da adireshinsa, kuma da umarnin HTTP da aka saba ake sarrafa shi: GET domin karantawa, POST domin ƙirƙira, PUT domin gyara, DELETE domin gogewa.

Yadda yake aiki

Mai rubuta manhaja zai sanya wa nau'in abin suna, ya faɗi adireshin shafin da ke riƙe da bayanan. Sauran aikin na laburaren ne.

Idan aka ce masa ya nemo mutum mai lamba 1, sai ya aika da GET zuwa /people/1.json, ya karɓi amsar, ya mayar da ita abu guda mai ɗauke da suna da adireshi da sauransu. Idan aka sauya sunan aka ce ya adana, sai ya aika da PUT. Idan sabon abu ne, POST zai aika. Idan kwamfutar can ta mayar da lamba 404, to abin babu shi. Lamba 422 kuwa na nufin ta ƙi karɓar bayanan, kuma laburaren zai liƙa dalilan a jikin abin.

Da farko da tsarin XML yake musayar bayanai, kafin a koma JSON a shekara ta 2011.

Wani abin lura shi ne, da ƙa'idar jam'in Turanci yake ƙirƙiro adireshi. Wanda ya sa wa nau'insa suna Littafi zai tarar ana neman “littafis” maimakon littattafai, sai dai in ya rubuta jam'in da hannunsa.

Inda gizo ke saƙar

Sauƙin nan yana ɓoye wani haɗari. Layin umarni ɗaya da ke kama da karanta abin da ke cikin kwamfuta, a zahiri tafiya ce ta zuwa da dawowa ta intanet, wadda ka iya jinkiri ko ta katse. Mai rubutun da ya jero masu ciniki 500 yana neman bayanin kowanne ɗaya bayan ɗaya, ya aika da buƙatu 500 ke nan, wataƙila ba tare da ya ankara ba. Idan kuma layi ya yanke bayan an aika da POST, manhajar ba za ta san ko an rubuta cinikin ba, kuma maimaitawa na iya sa a rubuta shi sau biyu.

Tun a shekara ta 1994 Jim Waldo da abokan aikinsa a kamfanin Sun Microsystems suka yi gargaɗin cewa bai dace a ɗauki abin da ke nesa daidai da na kusa ba. Gargaɗin ya hau kan wannan laburare sosai.

Bugu da ƙari, yana sa ran kowace API ta bi al'adun Rails wajen tsara adireshi da amsa, alhali da yawa ba sa bi.

A shekara ta 2013, da fitowar Rails 4.0, an cire shi daga ginshiƙin tsarin, ya koma laburare mai zaman kansa da sai mai buƙata ya ɗora. Kamfanin Shopify na ƙasar Kanada ya daɗe yana dogaro da shi a laburarensa na Ruby, kafin ya rabu da shi a shekara ta 2022.