Kafin Bundesliga: Tarihin gasannin shiyya-shiyya na Jamus da ƙungiyoyin da suka yi zamani

Ingila ta fara gasar lig a 1888, Sifaniya da Italiya suka kafa tasu ta ƙasa baki ɗaya a 1929, amma Bundesliga ta Jamus sai a 1963 ta zo. A shekaru 60 da suka gabaci wannan lokaci, kowace shiyya ta Jamus da tata gasar, kuma zakarun shiyyoyi ne ke haɗuwa a ƙarshen kaka domin fitar da gwarzon ƙasa. Wannan tsari ya ɗaukaka ƙungiyoyin ƙananan garuruwa da dama, kuma rushe shi ya sauya makomar da yawa daga cikinsu.

Mafarin tsarin

An kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Jamus, DFB, a birnin Leipzig ranar 28 ga Janairun 1900. Ta bar wa hukumomin shiyyoyi, irin su na kudu da yamma da arewa da Berlin, ikon shirya gasanninsu, ita kuma ta riƙe zagayen ƙarshe na sili-ɗaya-ƙwale. A 1903 aka yi wasan ƙarshe na farko, inda VfB Leipzig ta doke DFC Prag, ƙungiyar Jamusawa mazauna birnin Prague, da ci 7 da 2.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ƙarfi ya koma kudu, hannun garuruwa biyu maƙwabta a jihar Bavaria. Nuremberg ta zama zakara sau biyar tsakanin 1920 da 1927, ita kuwa Fürth ta ci a 1914 da 1926 da 1929. A 1924, duk 'yan wasan da suka wakilci Jamus a karawarta da Holan daga waɗannan ƙungiyoyi biyu suka fito. Saboda tsananin hamayya, kowane ɓangare taragonsa daban a jirgin ƙasan da ya kai su Amsterdam, amma duk da haka suka yi nasara da ci 1 da nema.

Zamanin Gauliga

Da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933, sun rushe tsoffin hukumomin shiyyoyi, suka raba ƙasar zuwa gasanni 16 da ake kira Gauliga. An haramta ƙungiyoyin wasanni na ma'aikata, aka kuma kori Yahudawa daga kulob-kulob. Kurt Landauer, shugaban da Bayern Munich ta ci kofinta na farko a ƙarƙashinsa a 1932, ya sauka daga muƙaminsa, daga bisani aka tsare shi a sansanin Dachau kafin ya yi hijira zuwa Suwizalan.

A fili kuwa, zamanin na Schalke ne, ƙungiyar masu haƙar kwal ta Gelsenkirchen, wadda ta zama zakara sau shida tsakanin 1934 da 1942. Bayan Jamus ta haɗiye Ostiriya a 1938, ƙungiyoyin can ma sun shigo gasar. A 1941 Rapid ta birnin Vienna ta farfaɗo bayan Schalke ta zura mata uku, ta ci 4 da 3, ta zama zakarar Jamus.

Gasannin Oberliga guda biyar

Da yaƙi ya ƙare a 1945, ƙasashen da suka yi nasara sun raba Jamus zuwa yankunan mamaya, kuma sababbin gasannin sun bi sawun wannan rabo. Ta kudu, a yankin Amurka, ita ta fara a watan Nuwamban 1945. Ta kudu maso yamma ta tashi a yankin Faransa, Berlin ta samu tata, sannan ta arewa da ta yamma suka biyo baya a 1947 a yankin Birtaniya. Jamus ta Gabas kuwa ta kama gabanta, ta kafa gasa guda ta ƙasa a 1949.

Daga 1951, galibi ƙungiyoyi takwas ne daga shiyyoyin biyar ke shiga zagayen ƙarshe a rukuni biyu, waɗanda suka zo na ɗaya su buga wasan ƙarshe. A arewa, Hamburg ta lashe 15 daga cikin kakanni 16. Shekarar da ta kuɓuce mata, 1954, Hannover ce ta ɗauka, har ta zarce ta zama zakarar ƙasa. A kudu maso yamma Kaiserslautern ce ke da ta-cewa, kuma 'yan wasanta biyar, ciki har da kyaftin Fritz Walter, suna cikin waɗanda suka doke Hungary da ci 3 da 2 a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 1954.

A yamma da kudu takarar ta fi zafi. VfR Mannheim ta zama zakarar ƙasa a 1949, Rot-Weiss Essen a 1955, Borussia Dortmund a 1956 da 1957, sai Eintracht Frankfurt a 1959. Ƙananan garuruwan haƙar kwal ma sun taka rawa, inda Westfalia Herne ta ɗauki kambun yamma a 1959 a gaban Schalke da Dortmund da Kolon.

Dalilin rushe tsarin

A ƙa'ida, ɗan wasan Oberliga ba ƙwararre ba ne. Dole ya kasance yana da wata sana'a, kuma a farko albashinsa na kulob ba ya wuce Mark 320 a wata. Hakan ya sa gwanaye irin su Horst Szymaniak da Helmut Haller suka tafi Italiya. Manyan ƙungiyoyi kuma kan shafe kaka suna lallasa raunana, ba sa gamuwa da tsararsu sai a 'yan makonnin ƙarshe. Mai horar da tawagar ƙasa, Sepp Herberger, da shugaban ƙungiyar Kolon, Franz Kremer, sun daɗe suna kiran a kafa gasa guda, yayin da ƙananan kulob-kulob ke tsoron rasa kuɗin ƙofa da suke samu idan manya suka ziyarce su.

Bayan Yugoslabiya ta fitar da Jamus ta Yamma daga Kofin Duniya na 1962 a Chile, masu neman sauyi sun samu hujja. Ranar 28 ga Yulin 1962, a Dortmund, wakilan DFB suka amince da kafa Bundesliga da ƙuri'a 103, yayin da 26 suka ƙi.

Zaɓen da ya raba gari

Ƙungiyoyi 46 ne suka nemi gurbi 16. An ba yamma biyar, kudu biyar, arewa uku, kudu maso yamma biyu, Berlin ɗaya, bisa la'akari da sakamakon shekaru 12 da ƙarfin aljihu da girman filin wasa. Alemannia Aachen da Kickers Offenbach sun yi ƙorafi, amma bai sauya komai ba. Bayern Munich ma ba ta shiga ba, domin hukumar ba ta so ta ɗauki ƙungiyoyi biyu daga gari ɗaya, kuma 1860 Munich ce zakarar kudu a 1963. Sai a 1965 Bayern ta hau. An fara gasar ranar 24 ga Agustan 1963, Kolon ta zama zakara ta farko.

Tun daga nan hanyoyi suka rabu. Hamburg ta zauna a Bundesliga har 2018 kafin ta fara faɗuwa. Nuremberg ta ci kofinta na tara a 1968, ta faɗi ƙasa a kakar da ta biyo baya. Fürth ba ta leƙa gasar ba sai a 2012. Rabon Rot-Weiss Essen da ita tun 1977, su kuwa VfR Mannheim da Westfalia Herne ba su taɓa shiga ba.

Gasannin shiyya ba su ɓace ba, matsayinsu ne ya sauka. A yau Regionalliga ce mataki na huɗu a ƙwallon Jamus, Oberliga kuma na biyar. A waɗannan matakai na ƙasa ne wasu tsoffin zakarun ke ci gaba da karawa da maƙwabtansu kowane mako.