3.4 Yaɗuwar Cutar Shawara da Sa Ido a Kanta a Nijeriya

A wannan sashe za a duba yadda hukumomi suka riƙa bin sawun zazzaɓin shawara, wato cutar nan ta bairos da sauro ke ɗaukowa daga jikin biri ko mutum ya sa wa wani. A garuruwa, sauron da ke yaɗa ta shi ne Aedes aegypti, mai yin ƙwai a randa da tulu da tsofaffin gwangwanaye.

Da farko Turawan mulkin mallaka sun ɗauki shawara a matsayin cutar bakin teku, domin a biranen tashar jirgin ruwa ne take kashe ma'aikatansu, kuma mutuwar Bature ita ce ke shiga rahoto. A shekarar 1925 Gidauniyar Rockefeller ta buɗe cibiyar bincike a Yaba, cikin Legas. Masu binciken wannan cibiya ne suka ware ƙwayar cutar a 1927 daga jinin wani mutumin Gwalkwas, wato Ghana ta yau, mai suna Asibi, kuma daga wannan ƙwaya Max Theiler ya samar da allurar rigakafi a 1937. Aikin bai tafi kyauta ba, don Dakta Adrian Stokes ya rasu a Legas a 1927 bayan ya kamu da cutar.

Abin da ya fi muhimmanci ga wannan nazari shi ne gwajin jini da aka gudanar a shekarun 1930. Gwajin ya nuna cewa mutane da yawa a cikin ƙasa, har da Arewa, sun taɓa kamuwa da cutar ba tare da wani likita ya rubuta ba. Dalili kuwa a fili yake. Asibitoci ba su da yawa, sannan zazzaɓi da ɗorawar ido alamu ne da ake samu a ciwon hanta da zazzaɓin cizon sauro.

Duk da haka Ingila ba ta bi tafarkin Faransa ba, wadda ta tilasta rigakafi ga jama'ar ƙasashen da take mulka a shekarun 1940 har cutar ta kusa ɓacewa a can. Nijeriya ta ga sakamakon haka a Filato a 1969. A 1986 kuma annoba ta ɓarke a Oju ta Jihar Binuwai, inda masu bincike suka ƙiyasta cewa kimanin mutum 9,800 sun kamu, 5,600 sun mutu. Shekara guda bayan haka ta ɓulla a Jihar Oyo da Jihar Neja. Sai a 2004 aka sa allurar cikin rigakafin yara na yau da kullum, wanda za a iya cewa an makara ƙwarai. A watan Satumba na 2017 cutar ta sake bayyana a Ifelodun ta Jihar Kwara, kuma sai da aka aika jinin zuwa Cibiyar Pasteur ta Dakar kafin a tabbatar da ita.